Shin Karkararmu Ba Ta Haifi Marubuta Ba Ne?

Wani malamin Hausa a ƙaramar sakandare ta wani ƙauye a ƙasar Jahun ya aiko da tambaya. Ya ce ɗalibansa ne suka tsare shi a aji, suka ce duk marubucin da ake karanta musu, daga mutumin Zariya sai na Sakkwato, sai na Katsina, sai na cikin birnin Kano. Shin karkarar Kano da Jigawa ba ta haifi marubuci ko mawaƙi ko masanin tarihi ba ne? In kuwa ta haifa, su wane ne, me suka bari, me ya sa ba a jin ɗuriyarsu?

Malam, Allah ya yi wa yaran nan albarka, sun yi tambayar da manya ba su cika yi ba. Ka gaya musu an haifa, da yawa ma. Abin da karkara ba ta samu ba shi ne injin buga littafi da gidan rediyo da kwalejin horon malamai. Waɗannan suna Zariya da Kaduna da Kano. Saboda haka mai fasahar ƙauye ɗayan biyu ne ke samunsa: ko ya bi hanyar birni har a manta da inda aka binne cibiyarsa, ko ya zauna gida takardunsa su tsaya cikin gafaka a zaure har gara ta gama da su. Wanda muke tunawa a yau shi ne wanda wani ya kwafi waƙarsa, ko ya buga ta, ko ya ɗauki muryarsa. Ba lallai ne ya fi waɗanda aka manta ba.

Ka fara musu da Mu'azu Haɗeja, don shi ne mafi sauƙin samu. Jinin sarautar Haɗeja ne, ya yi karatun allo ya yi na boko, ya koyar a makaranta a Kano, kuma Allah bai ba shi tsawon rai ba, ya rasu cikin shekarun 1950 yana tsakiyar ƙarfinsa. Hukumar adabin Arewa ta lokacin, wato NORLA ta Zariya, ita ce ta buga ɗan littafin nan Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, wanda ya daɗe ana karanta shi a makarantun Arewa. A ciki akwai Yabon Ubangiji, da Birrul Walidaini, da Ilmin Zamani, da Gaskiya Ba Ta Sake Gashi, da kuma biyun da suka fi yin suna, Waƙar Giya da Waƙar Karuwa. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki tsarin waƙar wa'azi da aka gada daga malaman jihadi, wadda ake buɗewa da sunan Allah da salati, a riƙe amsa-amo har ƙarshe, ya zuba mata al'amuran zamaninsa: mashaya da 'yan bariki da makarantar boko da son zuciyar masu mulki da talakawa baki ɗaya. Ka tuna wa yaran cewa lokacin da yake kiran mutane su nemi ilmin zamani, a ƙauyukanmu ɓoye yara ake yi in an ji masu ɗaukar 'yan makaranta sun sauka gidan dagaci. Mai faɗin haka a lokacin ba neman tafi yake ba.

Ana yawan jera shi da Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya rasu a 1958, domin zamaninsu ɗaya. A ganina Sa'adu ya fi zurfin tunani a siyasa, amma kalmominsa na Larabci sukan sa ɗalibi ya tsaya neman mai fassara. Mu'azu kuwa Hausarsa ta kasuwa ce da zaure, in an rera baiti sau biyu yaro ya haddace. Harshensa a kan mata masu zaman kansu ya yi zafi ƙwarai, kuma ba laifi ba ne in ka bar ɗalibai mata su faɗi abin da suka gani game da haka. Abu guda kawai nake roƙonka: kada ka karanta musu waƙar kamar jarida. Rerawa aka yi ta dominsa. In ba ka da murya, nemi wanda yake da ita a cikin ajin.

Mu'azu ya yi sa'a sunan garinsu ya manne masa. Wasu ba haka ba. Alhaji Gambo Hawaja, mai waƙar A Yau Ba Maƙi NEPU Sai Wawa, asalinsa mutumin ƙasar Haɗeja ne, amma da yake a Jos ya zauna ya yi gwagwarmayarsa, mutane da yawa sun ɗauke shi mutumin can. Shaihu Nasiru Kabara, jagoran Ƙadiriyya da ya rasu a 1996, wanda ya bar littattafai masu yawa da ƙasidu har da fassarar Alƙur'ani da Hausa, a Guringawa aka haife shi, lokacin tana ƙauye a bayan ganuwa, kafin birni ya haɗiye ta. Har shi kansa birnin an yi masa irin wannan ƙwace. Alhaji Umaru, wanda ake kira na Salga, mai waƙar Talauci da Wadata da waƙoƙin zuwan Nasara, a Kano aka haife shi a 1858, fataucin goro ya ja zuriyarsu yamma, ya rasu a Kete Krachi ta ƙasar Gana a 1934. Don haka in ka ga sunan gari a jikin marubuci, ka ƙara tambaya.

A fagen ƙagaggen labari ma muna ciki tun ranar farko. Gasar rubuta labari da Baturen ilmi Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Jiki Magayi, littattafai biyar ta fitar. Na biyar ɗin shi ne Idon Matambayi, labarin ɓarayi da dabarunsu, na Muhammadu Gwarzo. Bai yi farin jinin sauran ba, kuma gaskiya bai kai Ruwan Bagaja armashi ba, amma mutumin yammacin ƙasar Kano yana cikin mutum ƙalilan da suka fara rubuta ƙagaggen labari da Hausar boko. Bayan shekara kusan sittin kuma, lokacin da matasa suka gaji da jiran kamfanonin ɗab'i suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, ɗaya daga cikin waɗanda suka ja gaba shi ne Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda aka haifa a 1964 a Ɗanbagina ta ƙasar Dawakin Kudu. Bokonsa a makarantar manya ta yamma ya same shi. Littafinsa In Da So Da Ƙauna ya shiga ɗakunan matan aure da akwatunan 'yan makaranta a farkon shekarun 1990 fiye da yadda littattafan manhaja suka taɓa shiga. Malaman jami'a sun yi ta jayayya a jaridu kan ko wannan adabi ne ko hajar kasuwa. Suna jayayyar, matan ƙauye suna koyon haɗa baƙi don su karanta da kansu.

Wadda nake so ka daɗe a kanta, musamman don 'yan matan ajinka, ita ce Hauwa Gwaram. A Gwaram ta tashi, a gidan karatu, daga baya ta zauna a Kano tana koyar da matan aure a azuzuwan yaƙi da jahilci. Ta shiga ƙungiyar Hikima ta Alhaji Mudi Sipikin, inda mawaƙa ke haɗuwa su karanta wa juna abin da suka rubuta, a kuma rera a rediyo. Waƙoƙinta na wayar da kai ne: tsabta, renon yara, neman ilmi, da sababbin abubuwan da hukuma ke son mutane su fahimta. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Beverly Mack, ta zauna da ita da Hajiya 'Yar Shehu ta tattara waƙoƙinsu, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga su a 1983 da sunan Alƙalami a Hannun Mata. Akwai manazarta da ke ɗan yatsine fuska ga irin waɗannan waƙoƙi, su ce ai saƙon gwamnati ne aka sa wa kari. Ni ban yarda da wannan rainin ba. A shekarun nan malamin tsabta namiji iyakarsa zaure. Muryar mace a rediyo ita ce ke wucewa har tsakar gida, har bakin murhu, kuma Hauwa ta san yadda matan cikin gida ke magana domin ita ma cikinsu take. Sannan ka lura da abin da ya tsirar da sunanta. Ta je inda rediyo yake, kuma wata ta zo ta zauna ta kwafa. Mata nawa ne a Gwaram da Ɓasirka da Birnin Kudu suka iya tsara baiti kamar ita, ba wanda ya zo da alƙalami?

Sai maganar tarihi, inda matsalar ta fi fitowa fili. Babban littafin da kowa ke dogara da shi shi ne Tarihin Kano na Larabci, wanda ba ya ɗauke da sunan mai shi. Ya jero sarakuna 48, daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello da ya rasu a 1893. Baturen mulki Palmer ya fitar da fassararsa ta Turanci a 1908, aka kuma sa ta Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. Masana sun rabu kan wanda ya rubuta shi. Murray Last yana ganin Ɗan Rimi Barka ne, babban bawan sarki, ya harhaɗa shi a ƙarshen shekarun 1880. M. G. Smith kuwa yana ganin an yi ta ƙara masa ne zamani bayan zamani. Ko wanne ne daidai, mai rubutun daga fada yake kallo. Za ka ga Gaya da Rano da Ƙaraye da Dutse da Santolo a ciki, amma yawanci sai ranar da sarki ya ɗaura musu yaƙi ko suka yi masa tawaye. Santolo ta samu ambato sosai ne domin Sarki Yaji ya ci ta da taimakon addu'ar Wangarawa. Yadda mutanen Santolo suka ga wannan rana, ba wanda ya rubuta.

Bayansa akwai Alƙali Muhammadu Zangi ɗan Salihu, wanda ya rubuta Taƙyidul Akhbar a 1868, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, kan yadda aka yi jihadi a ƙasar Kano. Wannan ya fi kusa da mu, domin da yawa daga jagororin jama'ar ba 'yan birni ba ne. Malam Bakatsine daga wajen Utai ta ƙasar Wudil yake, Sulluɓawa suna wajen Kiru, kuma wurin da suka taru suka yi hijira shi ne Kwazazzabon 'Yar Kwando, can yamma da birni. Sai Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji da Kano Ta Dabo Cigari a 1958, wanda ya kawo wannan tarihi cikin Hausa mai daɗin karatu. Dukkansu alƙalai ne da waziri da bayin sarki. Ba laifinsu ba ne, kowa bakin ƙofarsa yake sharewa. Amma ka ga abin da hakan ke jawowa. Malam Hamza na Tsakuwa, a ƙasar Dawakin Kudu, ya ƙi harajin da aka ɗora wa malamai wajen 1846, ya kwashi jama'arsa ya shige duwatsun Ningi, magadansa suka shafe shekaru suna kai hari kudancin Kano har Gwaram da Birnin Kudu. A rubutun fada ɗan tawaye ne kawai. Sai da masu bincike irin su Adell Patton suka je suka zauna da tsofaffin Ningi a shekarun 1970 kafin aka ji ɗaya ɓangaren. Haka Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya rasu a 1863. A takardun Sakkwato mai saɓa wa Sarkin Musulmi ne, a bakin Haɗejawa kuwa gwarzo ne da har yau ake yi wa kirari. Mai son gaskiya sai ya saurari duka biyun, kuma irin aikin da 'yan ƙasa masana tarihi suka zo suka yi ke nan, cikinsu har da marigayi Farfesa Haruna Wakili na Jami'ar Bayero, wanda ya yi bincike kan masarautar Haɗeja, ya rasu a 2020.

In ka tambaye ni wane ne babban mai ba da tarihin karkarar Kano, zan ce maka mace ce, kuma ba ta taɓa rubuta ko harafi ɗaya ba. Baba mutuniyar Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa a ƙasar Rogo ta yanzu. An haife ta wajen 1877. Tana tsohuwa a Giwa ta ƙasar Zazzau, tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, ta zauna da Mary Smith, matar M. G. Smith ɗin nan, ta ba ta labarin rayuwarta tun daga kakanninta, ita kuwa tana rubutawa da Hausa kamar yadda ya fito daga bakinta. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, ta riga ta kwanta dama. Hausar asali kuwa, wadda ita ce maganar Baba, sai a farkon shekarun 1990 aka buga ta a Kano da sunan Labarin Baba Mutuniyar Karo ta Ƙasar Kano. Ka duba wannan abin takaici: kusan shekara arba'in ɗalibai a Landan da Amurka suna karanta ta, jikokin maƙwabtanta ba su san da ita ba.

Abin da ke cikin labarinta ba ya cikin Tarihin Kano, ba ya cikin Zangi. Ta faɗi yadda rinji yake, wato ƙauyen bayi, da lokacin da bawa ke yi wa ubangijinsa aiki da lokacin da yake komawa gayaunarsa. Ta faɗi yadda mahara ke faɗo wa ƙauye, a kama matan gida, dangi su bi sawu suna tara kuɗin fansa. Ta bayyana ƙawance tsakanin mata da abin da ƙawa ke bin ƙawarta ranar biki, da yadda ake ɗaukar ɗan riƙo, ita da ba ta haihu ba amma ta reni 'ya'yan dangi. Ta yi maganar aurarrakinta da fitarta ba kunya ba ƙari, ta yi maganar bori da 'yan bori. Da ta zo kan zuwan Turawa, ta faɗi abin da ba za ka ji a fada ba, cewa talakawa irinsu ba su yi baƙin ciki ba, domin hari da kamun bayi sun ishe su. Ba sai ka yarda da duk hukuncinta ba, tsohuwa ce mai ra'ayinta, 'yar gidan masu bayi kuma. Amma ba ni da wani littafi da ya nuna cikin gidan Bahaushen ƙauye kafin 1903 kamar nata. In ka samu kwafi, karanta wa yaran shafi biyu, sannan ka tura su gida su tambayi kakanninsu mata ko haka abin yake a nan.

Yanzu bari in zo kusa da kai. Daga Jahun zuwa Miga ba nisa. A jerin mawaƙan ƙarni na 19, bayan su Shehu da Abdullahi da Nana Asma'u da Isa ɗan Shehu, manazarta suna kawo sunan Malam Usman Miga, mai waƙar tauhidi Mu San Samuwar Jalla. Sunansa ya iso gare mu ne domin almajirai sun yi ta kwafar waƙar suna haddacewa har ta faɗa hannun masu tattarawa. Irinsa suna nan a gidajen limamai da alarammomi da tsofaffin alƙalai a duk faɗin ƙasar nan, kuma wannan shi ne aikin da kai za ka iya yi wanda farfesa a birni ba zai iya ba, domin kai za a buɗe wa.

Na zauna a zauren wani limami a gabashin ƙasar Kano aka sauko mini da gafakar kakansa daga saman azara. Fatar ta bushe ta yi baƙi, igiyar ta tsinke an ƙulla da tsumma. A ciki akwai tadarishi biyu, wato bangon fata na littafi, da takardu warwatse a tsakaninsu, ba ɗinki, gefensu duk gara ta yi masa ado. Mai gidan ya ce littafin fiƙihu ne, kuma haka ne, yawancinsa Risala ce, sai Ishiriniya ta begen Annabi. Amma a tsakiya akwai ganye shida da rubutunsu ya bambanta, layukan gajeru, an raba kowanne biyu da ɗigon jar tawada. Waƙar Hausa ce da ajami, ta wa'azi, kuma shi kansa bai san tana ciki ba, domin in ya buɗe iyakarsa inda yake karantarwa. Haka abin yake kusan ko'ina. Waƙar Hausa ba ta da gafakar kanta, a tsakanin littattafan Larabci take raɓewa, ko a bayan shafin ƙarshe inda takarda ta rage.

In ka samu irin wannan, kada ka fara da farko, duba ƙarshe. A baitocin ƙarshe mawaƙanmu na da suke faɗin sunansu, wani lokaci da na mahaifi da na gari, su nemi gafara, su faɗi adadin baitocin, sannan su sa ramzi, wato shekarar da aka gama waƙar a dunƙule cikin haruffa. Lissafin na hisabin Magariba ne: shinun 1000 ne, ra 200, sinun 300. Saboda haka ramzin da ya fara da shinun da ra yana cikin shekarun 1200 na Hijira, wanda ya fara da shinun da sinun kuwa 1300 ne. In ka ga shinun da ra da fa, ka tara 1000 da 200 da 80, ka samu 1280. Don ka mayar da ita shekarar Miladiyya, raba ta da 33, ka debe abin da ka samu daga cikinta, ka ƙara 622, za ka faɗo wajen 1863. Wanda ya yi lissafin da hisabin Gabas, inda shinun yake 300, zai ɓata da ɗaruruwan shekaru, kuma na ga an yi haka a rubuce-rubucen ɗalibai.

Ka kula da abu biyu da ke rikitar da mutane. Sunan da ke can ƙasa bayan an ce tammat, sau da yawa na mai kwafa ne, ba na mai waƙa ba. Sannan akwai tahamisi, inda wani malami ke ɗaukar waƙar wani mai ƙwar biyu ya ƙara wa kowane baiti ɗango uku ta koma mai ƙwar biyar. Shahararren misali shi ne Tabbat Haƙiƙa: Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ya yi mata tahamisi. Mutum uku a waƙa ɗaya. To in haka ta faru a gidan Shehu inda komai a rubuce yake, ka ƙiyasta a ƙauye. Ita ma takardar tana magana. Ɗaga ganye ɗaya ka saita shi da rana a bakin ƙofa. In ka ga hoton jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, irin wadda ake yi a Italiya ce, fatake suka riƙa kawowa ta Tarabulus su ratso Sahara, kuma an yi amfani da ita sosai a ƙarni na 19 har farkon zamanin Turawa. Wannan ba zai ba ka shekara ba, amma zai gaya maka ba jiya aka kwafa ba. A ƙasan kowane shafi kuma, ta hagu, za ka ga kalma ɗaya ita kaɗai. Ita ce kalmar farko ta shafin da ke biye, da ita za ka mayar da ganyayen da suka hargitse kan tsarinsu.

Kada ka ce a ba ka ka tafi da su. Masu gafaka da yawa sun taɓa ba wa wani baƙo aro, ba su sake ganin takardunsu ba, shi ya sa wasu ke cewa babu alhali akwai. Ka ɗauki hoto da wayarka a nan zauren, a inuwa mai haske, shafi bayan shafi, gaba da baya, har da wanda ba ka ga amfaninsa ba. Kada a manna salatif a inda ya yage, kada kuma a kai shago a rufe shi da leda mai zafi, duka biyun kashe takarda suke. Ka rubuta sunan mai ita, da wanda ya gada daga gare shi, da ranar da ka ɗauka. In akwai dattijo ko makaho mai bara da ya haddace waƙar, ɗauki muryarsa, domin ajami ba ya bambanta wasu wasula sosai, kuma karin da ake rerawa da shi ba ya kan takarda. Waƙar Bagauda, wadda ke jero sarakunan Kano da Hausa, ta irin wannan hanya ta rayu, a baki da ajami, kafin wani Bature manazarci, Mervyn Hiskett, ya buga ta a tsakiyar shekarun 1960.

Hotunan kuwa, ka ba mai gida nasa kwafin tukuna, sannan ka nemi sashen Hausa ko na tarihi a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, ko Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa a Kano. In wata rana hanya ta kai ka Kaduna, ka shiga gidan adana takardun tarihi na ƙasa ka nemi rahotannin ƙiyasin haraji na gundumarku. Jami'an Turawa sukan fara su da tarihin garuruwa kamar yadda dagatai da dattawa suka faɗa musu, wani lokaci har da jerin masu sarautar ƙauye da shekarun kowa. Ka kwafo, amma ka karanta da lura, domin mai tambayar haraji ya zo yankawa, mai amsawar kuma yana kare rawanin gidansu. Ka kawo wa tsofaffin garinku ka karanta musu, ka rubuta duk inda suka ce ba haka aka yi ba da sunan wanda ya faɗa.